Yini Ɗaya a Benis: Ina Za Mu Bi, Me Za Mu Saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni 'yar kasuwa ce daga Kano, ina zuwa Milan sarin takalma da jakunkuna. A tafiyar watan Mayu zan je da 'yata, kuma muna da rana guda da babu aiki. Ta dage sai mun je Benis, garin nan da ke kan ruwa. Ni ba na son guje-guje, gwiwata ma ba ta so. Yini ɗaya zai ishe mu? Me ya kamata mu saya, kuma yaya za mu yi da abinci da salla?

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sa albarka a kasuwa.

Na yi shekaru ina zaune a Padova, inda jirgin ƙasa ke kai mutum Benis cikin kamar rabin awa, kuma duk baƙon da ya sauka wurina daga gida, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa, sai ya ce in kai shi garin da babu mota. Na raka mutane har na daina ƙirgawa. Abin da na lura da shi, waɗanda suka dawo suna yabon garin su ne waɗanda suka ga kaɗan. Masu zuwa da jerin wurare goma a waya kuwa, da la'asar za ki same su sun jingina da bango suna matsa ƙafa, suna cewa ashe ba komai sai cunkoso da tsada. To, yini ɗaya ba zai isa ki ga Benis ba, amma ya isa ki ji daɗinsa, muddin kin yarda tun daga Milan cewa akwai abubuwan da za ki bari sai wani jiƙon.

Fara da zaɓen rana. In da hali ki ɗauki Talata, Laraba ko Alhamis. Kasuwar kifi ta Rialto ba ta ci ran Lahadi da Litinin, kuma ita ce wuri mafi rai a garin da safe. Sannan tun watan Afrilun 2024 hukumar garin ta sa wa masu zuwa yini su koma kuɗin shiga a wasu ranaku na musamman, galibi Juma'a zuwa Lahadi daga Afrilu zuwa Yuli, tsakanin 8:30 na safe da 4:00 na yamma. A 2025 Yuro 5 ne ga wanda ya biya da wuri, Yuro 10 ga wanda ya makara. Ta intanet ake biya, a ba ki lamba a waya, kuma akan tsayar da mutane a bakin tasha a duba. Ki sa 'yarki ta duba jadawalin bana kafin ku yanki tikiti. Jirgi mai sauri daga Milan yana cin kamar awa biyu da rabi. Ki kula da wannan, don na ga ya ci mutane da yawa: akwai tashar Venezia Mestre, akwai Venezia Santa Lucia. Mestre kan tudu take, gari ne na motoci kamar kowane gari. Ku zauna har jirgi ya hau doguwar gadar nan ta kusan kilomita 4, ruwa dama ruwa hagu, ya tsaya inda layin dogo ya ƙare.

Game da gwiwa, gara in gaya miki gaskiya. Garin tsibirai ne sama da 100 da aka ɗinke da gadoji sama da 400, kuma kusan kowace gada matakala ce, a hau a sauka. Ba tsayi ne da su ba, yawa ne. Ki sa takalmi shafaffe mai laushi, kada ki zo da akwati mai taya, jaka ɗaya ta rataya ta isa. Ki riƙe gorar ruwa, domin famfunan da ke zuba a filayen unguwanni ruwan sha ne mai sanyi, kyauta. Bayan gida kuwa na kuɗi ne, don haka duk inda kuka zauna shan shayi ko cin abinci, a yi amfani da damar.

Da kun fito daga tasha za ki ga babban mashigin ruwan nan, Canal Grande, a gabanki, kuma za ki ga jama'a sun kwarara hagu kamar an buɗe dam. Ku bi su na ɗan lokaci, amma kada ki sayi ko allura a wannan titin. Da kun haye gadar Guglie sai ku rabu da ayarin, ku karya hagu ta bakin ruwa, ku shiga wani ɗan zaure mai duhu a hannun dama. Taku kaɗan za ki ji hayaniya ta ɗauke. Wannan ita ce tsohuwar unguwar Yahudawa, inda aka killace su tun 1516, ana kulle ƙofofi da dare. Da yake ba a ba su damar faɗaɗa fili ba, sai suka yi ta ɗora bene kan bene, shi ya sa gidajen wurin suka fi na sauran gari tsawo, rufin ɗakunan kuma ƙasa-ƙasa. Akwai gidan burodi na Yahudawa a lungun, kuma ni nakan sayi abin taɓawa a can hankali kwance, tunda kitsen alade ba ya shiga musu ko kusa.

Daga filin unguwar ku haye gadar ƙarfe zuwa dogon bakin ruwan Ormesini. A nan ne za ki ga Benis na masu gari: kwale-kwalen kwasar shara, na kai lemo shaguna, na masu gini ɗauke da yashi, tsohuwa da keken cefanenta tana jan sa tsani-tsani a kan gada, shanya daga taga zuwa taga. Duk abin da babbar mota ke yi a Kano, a nan ruwa ne ke yi, har motar asibiti da ta kashe gobara jiragen ruwa ne. Masu garin ma ƙarewa suke yi. A 1951 mazauna tsohon gari sun kai kimanin 175,000, a 2022 suka faɗo ƙasa da 50,000. In kin ga wani dattijo ya ɗaure fuska don kun tsaya ɗaukar hoto a tsakiyar lungu, ba ƙiyayya ba ce, hanyar gidansa kuka tare. A riƙa bin dama, a bar wa mai sauri hanya.

Kaɗan gaba akwai Campo dei Mori, wani ƙaramin fili da aka kafe gumakan wasu fatake a jikin bango, da rawunansu da kayansu a baya. An ce 'yan'uwa ne masu cinikin kayan yaji da suka zo daga ƙasar Girka. Ɗaya hancinsa ya karye aka sa masa na ƙarfe. In kun zagaya bayan gidansu, ta ƙetaren ruwa, za ki ga an sassaƙa raƙumi da kayansa da mai jan akala a jikin bango. Raƙumi a garin da ko jaki ba ya iya yawo! Ina kai 'yan kasuwa wurin da gangan, don nan ne mutum ke gane cewa arzikin garin nan na fatauci ne da ƙasashen Musulmi, Iskandariyya da Sham da Istanbul. Har a bakinsu abin ya zauna. Masaukin fatake suna ce masa fondaco, daga funduƙ na Larabci. Babbar ma'aikatar ƙera jiragensu, Arsenale, daga darus-sina'a aka samo sunan, wato kalmar nan tamu ta sana'a ce kwance a ciki.

Ku yi ƙoƙari kafin 11:00 ku gangaro Strada Nova ku nemi mashigar Santa Sofia. A nan akwai abin da ake kira traghetto, babban kwale-kwale irin gondola (dogon kwale-kwalen da ake yawo da baƙi a ciki) mai matuƙa biyu, wanda aikinsa kawai fito ne daga wannan gaɓa zuwa waccan. Yuro 2 ne kan baƙo, minti biyu ne a ruwa, kuma yana ajiye ku a bakin kasuwar kifi. 'Yan gari a tsaye suke hawa, jakar cefane a hannu, ko gezau. Ke dai ki zauna, babu mai yi miki dariya. Matuƙin zai miƙo hannu ya taimaka wajen shiga. In ba ki so, 'yarki ta fara shiga ta riƙe ki. In kun tarar ba sa aiki ranar, sai ku ci gaba da ƙafa zuwa gadar Rialto, ba nisa.

Tun 1097 ake cin kasuwa a wannan wuri. Ki tsaya ki kalla, ke da kika san kasuwa. Kifi a kan ƙanƙara, kowanne da allonsa: sunansa, kuɗin kilo, da inda aka kamo shi. A jikin bangon rumfar akwai wani tsohon allon dutse da aka rubuta mafi ƙanƙantar tsawon kifin da aka yarda a sayar, sardin santimita 7, wani 12, don kada masunta su cinye iri. A ɓangaren kayan gwari, a watan Mayu, za ki ga wani ganye mai kama da kan furen da bai buɗe ba, carciofo, wanda ake nomawa a tsibirin Sant'Erasmo. Akwai masu zama da 'yar wuƙa suna fere shi, ganye na zuba a kwando, cikin ƙiftawar ido ya rage fari fat kamar faifai, a jefa a bokitin ruwa mai lemon tsami don kada ya yi baƙi. Hannun mutumin ba ya tsayawa, idonsa kuma yana kan mai saye. Abu ɗaya: kada ki taɓa kaya da hannu kamar yadda muke latsa tumatir a gida. Nuni ake yi, mai kaya ya zaɓa. Kuma ba a tayi. Na san wannan zai yi wa Bakanuwa ciwo, amma kuɗin da ke kan allo shi ne kuɗin. A shagon mai sana'a, in kin ɗauki abu uku ko huɗu, kina iya cewa "sconto?" da murmushi, wataƙila ya rage ɗan wani abu. Ki ce zai bar miki rabi, sai ya ɗauka zagi ne.

Bayan kasuwar akwai ƙaramar cocin San Giacomo mai babban agogo, kuma a bayanta an rubuta wa 'yan kasuwa gargaɗi da Latinanci tun ɗaruruwan shekaru, cewa a yi adalci a ciniki, a cika awo, kada a ci amanar alkawari. Nakan ce wa baƙina ga wa'azin masu tauye mudu an manna a bangon coci. Lungun da ke kusa, Ruga dei Spezieri, na masu kayan yaji ne tun da, kuma har yau akwai shagon Mascari da ke jera garin yaji tsibi-tsibi a taga, da ganyen shayi da busassun 'ya'yan itace da alewa. Wurin tsarabar baki ke nan: biskit ɗin baicoli a gwangwani, da bussolai na tsibirin Burano masu man shanu, ba sa lalacewa a hanya.

Yanzu ga maganar saye, wadda ita ce na fi so ki saurara. Benis ba wurin sari ba ne. Ki bar idon Kantin Kwari a Milan. Shagunan jakunkunan fata da za ki gani kowane lungu, masu launi bakwai da rubutun ragi a ƙofa, kaya iri ɗaya ne daga dila ɗaya, kuma ke da sana'arki ce, da kin shinshina kin duba ɗinki kin gane. In takalma na gaske kike nema, masana'antunsu suna garuruwan bakin kogin Brenta, tsakanin Padova da Benis, irin su Stra da Fiesso d'Artico, inda ake ɗinka wa manyan kamfanonin duniya takalman mata. Wannan tafiya ce ta daban. Masu shimfiɗa jakunkunan jabu a ƙasa kuwa, ko kallo kada ki tsaya yi, domin a dokar Italiya mai saye ma ana cin sa tara, kuma tarar tana iya kai dubban Yuro.

Abin da ya cancanci kuɗinki shi ne abin da aka yi a garin, kuma hanyar ganewa ɗaya ce: ki ga hannun da ya yi shi, ko a faɗa miki sunan mai hannun ba tare da inda-inda ba.

Na farko duwatsun ado na gilashi. Tun 1291 aka kwashe masu narka gilashi zuwa tsibirin Murano saboda tsoron gobara, amma masu yin 'yan duwatsun wuya suna nan cikin gari a ƙananan shaguna, galibinsu mata. Ki nemi shagon da kika ga harshen wuta a kan tebur. Za ki ga mace da tabarau mai duhu, sandar gilashi mai launi a hannun dama, siririn ƙarfe a hagu. Tana kara bakin sandar a wuta har ya yi ja ya fara zuba kamar zuma, sai ta naɗe shi a kan ƙarfen tana murzawa da yatsu ba tsayawa, don in ta tsaya zai karkace. Ta ɗauko ganyen zinare ko azurfa ta lulluɓe, ta sake zuba gilashi garai a kai, ta ɗiga ɗigo-ɗigo na wani launi, ta ja su da tsinke su zama fure. Dutse ɗaya ke nan, sai a binne shi ya huce a hankali don kada ya tsage. In kin ga wannan da idonki, ba za ki ƙara tambayar me ya sa sarƙa ɗaya ta kai Yuro 60 alhali ga ta Yuro 5 a bakin tasha ba. Araha ba ta ado. UNESCO ma ta sa wannan sana'a cikin al'adun da ake karewa a 2020.

Kuma duwatsun nan ba baƙi ba ne a wurinmu. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, da ya shiga Kano a 1851 ya lissafa kayan Turai da ya gani a kasuwa, kuma a ciki akwai duwatsun ado daga Benis da Trieste, da takarda mai alamar wata uku. Ta Tarabulus da Sahara suke zuwa a bayan raƙuma. Takardar nan ma akasarinta daga wannan yanki take, musamman masana'antar iyalin Galvani kusa da Pordenone, arewa maso gabas da Benis. In akwai tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a gidanku, ki ɗaga warƙa ɗaya a hasken rana, mai yiwuwa ki ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar. Saboda haka in kin sayi sarƙa ko ɗan littafin rubutu mai bangon takardar nan mai zanen ruwa, wadda ake yi ta hanyar yayyafa launi a kan ruwa mai kauri a shimfiɗa takarda a kai, tsohon ciniki kika sabunta.

Ni ma an taɓa yi mini. Shekarata ta farko na sayi kofuna shida masu bakin zinare a wani shago, mai shagon yana ta rantsuwa da Murano, na kai wa gyatumata. Wajen wanki wata 'yar takarda ta ɓanɓaro a gindin ɗaya, sai ga sunan wata ƙasa can gabas a ƙarƙashi. Tun daga nan na koyi dubawa. Na hannu ba a samun biyu iri ɗaya sak, in kin jera su za ki ga bambancin tsawo ko kauri. Launi a cikin jikin gilashin yake, ba fenti ba ne a sama. Sau da yawa a gindi akwai tabon inda aka cire shi daga sandar hurawa, ko sa hannun mai aikin. Akwai tambarin Vetro Artistico Murano da gwamnatin yankin Veneto ta kafa da doka a 1994, mai ɗauke da lambar masana'anta. Ba duk na gaske ne ke da shi ba, don wasu masu sana'ar ba su shiga ƙungiyar ba, amma in babu tambari kuma mai shago ya kasa faɗin wace maƙera ce, ki ajiye. Haka in wani ya tare ku da tayin jirgi kyauta zuwa Murano, ki ce masa grazie ki wuce. Ɗan kamasho ne, kuma kuɗin jirgin yana cikin farashin da za a ɗora miki a can.

Abu na biyu da nake so wa mace mai sana'ar takalma shi ne furlane, wani silifa mai rufi na karammiski. Asalinsa daga ƙauyukan Friuli ne, inda mata ke ɗinka shi da ragowar yadi, tafin kuma da tsohuwar tayar keke. Matuƙan gondola suka karɓe shi don ba ya zamewa kuma ba ya karce fentin jirgi. Ki juya tafin ki duba ɗinkin hannu da ke zagaye da shi. Ba nauyi a jaka, kuma da abaya yana kyau ƙwarai. Masaƙar Bevilacqua kuwa, da aka kafa a ƙarni na 19, wadda ke unguwar Santa Croce, har yau tana saƙa karammiski a kan tsofaffin masaƙun katako, mai saƙa ba ta cika kamu guda a yini, mita ɗaya kuma ya haura Yuro 1,000. Wannan na kallo ne, sai dai ko 'yar jakar hannu.

Leshi fa? Na san za a ce miki Burano garin leshi ne. Ba irin namu na yadi biyar ba ne, wancan daga Ostiriya da Suwizalan ake kawo mana shi. Na Burano da allura ake tsira shi zare-zare, ɗan abin da bai wuce tafin hannu ba yana cin makonni. Duk babban mayafin tebur da aka ce miki na hannu ne a Yuro 30, inji ne ya yi. Kuma zuwa Burano kusan minti 45 ne a ruwa daga Fondamente Nove, ban da jira da dawowa. A yini irin naku ki bar shi, har Murano ɗin ma.

Abinci. Kifi ne ceton Musulmi a garin nan. Ki riƙe kalmomi biyu: "senza maiale", ban da alade, da "senza vino", ban da giya, don sukan zuba farar giya a miyar taliya da ta shinkafa. Prosciutto, salame, pancetta, speck, mortadella, lardo, strutto, duk alade ne ko kitsensa. Jan abin shan nan mai ruwan lemo da za ki ga kowa riƙe da shi, spritz, giya ce, kada 'yarki ta ɗauka Fanta ce. Ki gwada sarde in saor, soyayyen sardin da aka jiƙa da albasa da ruwan tsami da zabibi, amma ki tambaya ko sun sa giya. Ki gwada baccalà mantecato, kifi da aka buga da mai har ya yi laushi kamar man shanu, a shafa kan polenta, wato tuwon masararsu da aka yanka aka gasa. Za ki yi dariya in na ce miki kifin nan shi ne busasshen kifin Norway da 'yan kudu ke kira okporoko. Wani baturen jirgi ɗan Benis, Pietro Querini, jirginsa ya tarwatse ya faɗa tsibiran Lofoten a 1432, shi ake cewa ya kawo musu shi. Ku guji gidan abincin da ke da hotunan abinci a ƙofa da mai kiran mutane. Ku shiga lungu biyu ko uku daga babbar hanya. A takardar kuɗi za ki ga coperto, kuɗin zama ne na kowane kai, ba cuta ba ce, al'adarsu ce. Kada ku zauna a matakalar gada ku buɗe leda, an hana, kuma da gaske suke: a 2019 an ci wasu Jamusawa biyu tarar Yuro 950 don sun kunna risho suna dafa kofi a gindin gadar Rialto. In kuna cin abu a tafe, ku yi hattara da fararen tsuntsayen teku, fizge suke yi daga hannu kamar shirwa.

Salla kuwa, a cikin tsohon gari babu masallaci. Masallatai suna Mestre da Marghera, inda 'yan Bangladesh suke da yawa. Ku matafiya ne, kuna da rangwamen ƙasaru da haɗa Azahar da La'asar, kuma a watan Mayu rana ba ta faɗuwa sai bayan 8:00, don haka lokaci na da faɗi. Ki yi alwala a inda kuka ci abinci, ki sa 'yar darduma mara nauyi a jaka. Ni nakan yi tawa a wata kusurwa ta lambun Savorgnan kusa da gadar Guglie, ko can ƙarshen wani bakin ruwa da babu masu wucewa, kuma ban taɓa samun wanda ya ce mini kanzil ba.

Bayan abinci ku ratsa unguwar San Polo ku nufi unguwar Dorsoduro, kuma a nan ina so ki ce wa 'yarki ta mayar da waya jaka. Taswirar waya takan rikice a lungunan nan, lambobin gidaje kuma ba na titi ba ne, na unguwa ne gaba ɗaya, sai ki ga gida mai lamba 3,000 da wani abu. Za ku ɓata, ku shiga lungu ya ƙare a ruwa, ku juyo. Ba komai, garin bai kai girman da mutum zai ɓace ba, kuma a saman bango akwai alluna masu ruwan ɗorawa da kibiya: Per Rialto, Per S. Marco wato hanyar San Marco, babban filin garin, Alla Ferrovia wato hanyar tasha. Shagunan masu sana'a na kirki ma a irin wannan ɓatan ake tuntuɓe da su, sai dai wasu sukan rufe tsakanin 1:00 da 3:00. A San Barnaba akwai kwale-kwalen da aka mayar rumfar kayan miya, ana ciniki daga bakin gaɓa. A San Trovaso akwai wurin ƙera gondola da gyaranta, kuna iya tsayawa daga ƙetaren ruwa ku ga an kifa su ana kankara. Ki lura jikinta a karkace yake, gefe ɗaya ya fi faɗi, don mutum ɗaya da ke tuƙi ta gefe guda ya iya tafiya miƙe. Daga nan taku kaɗan ne zuwa Zattere, shimfiɗaɗɗen bakin ruwa mai iska da wurin zama. Ku sayi gelato, wato askirim ɗinsu, ku miƙe ƙafa awa guda. Wannan zaman yana cikin shirin, kada ki ɗauke shi ɓata lokaci.

In 'yarki ta nace sai gondola, farashin hukuma ne: Yuro 90 na minti 30 da rana, 110 da dare, kuɗin jirgi ne ba na kai ba, mutum biyar ke shiga. Ku hau daga wani lungu mai shiru irin na San Barnaba ko San Polo, ba gaban San Marco ba inda ruwa ke tangaɗi kuma jirage ke bin juna kamar a-daidaita-sahu. A yi magana kan kuɗi da minti kafin a sa ƙafa.

San Marco ku bar shi sai wajen 5:00, lokacin da ayarin masu yini suka fara janyewa. Don gwiwarki, ku hau bas ɗin ruwa, vaporetto, maimakon hawa doguwar gadar Accademia. Tikiti ɗaya Yuro 9.50 ne na minti 75, na yini Yuro 25, wato in hawa biyu za ku yi ku sayi ɗai-ɗai, in uku ne na yini ya fi. A kara tikitin a na'ura kafin a shiga, kuma a rungume jaka ta gaba, don 'yan sane sun fi aiki a nan da kan gadar Rialto. Filin kansa a zagaya shi a hankali ya isa: ƙubbobin cocin, fadar sarakunan garin, hasumiyar da ta rushe a 1902 aka sake gina ta, da agogon da gumaka biyu na tagulla ke buga wa ƙararrawa. Ba a ba tattabaru abinci, an hana tun 2008. Gidan shayin Florian yana nan tun 1720, amma in kun zauna a waje ana kiɗa, har kiɗan sai kun biya.

Komawa tasha ku hau layi na 1, mai tsayawa kowace mashiga, ku nemi kujerun waje na baya. Kamar minti 40 ne kuna ratsa Canal Grande da hasken yamma, ku wuce ƙarƙashin gadar Rialto da aka gama a 1591, Ca' d'Oro ta dama, sannan ta hagu Fondaco dei Turchi, inda fataken Daular Usmaniyya suka yi masauki daga 1621 har 1838. Ku sauka a Ferrovia.

Duk shagon da kika kashe sama da Yuro 70 a rasit ɗaya, ki nuna fasfo ki ce a yi miki takardar mayar da haraji, tunda ba a Turai kike zaune ba. Harajin kaya a Italiya kashi 22 ne cikin ɗari, ko da yake kamfanin da ke biya zai cire nasa. A filin jirgin Malpensa za a tantance takardar, kuma a yi haka kafin ki ba da akwati, don kwastan na iya cewa a nuna kayan. Duwatsun da duk wani abin gilashi ki naɗe su cikin gyale ki sa a jakar hannu.